Sauran Minti Goma Sha Tara

Mijina Lemuel ba ya iya ganin ragowar abu ta tafi a banza. Shekara talatin da huɗu muna tare, kuma tun ranar farko nake fama da wannan hali nasa. In muka ajiye mota a cikin gari muka dawo da sauran lokaci a tikitin ajiye motar da muka biya, ba za mu tafi ba sai ya jira wata mota ta shigo, ya sauke gilashi ya miƙa wa mutumin da bai taɓa gani ba, yana cewa, "Karɓi ɗan'uwa, akwai sauran minti ashirin." In mun gama sayayya a kanti, ba zai mayar da keken kaya ya zare silen da ya sa ya buɗe shi ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana neman mai shigowa ya danƙa masa, ni kuwa ina cikin mota nama yana narkewa. Na sani rabin mutanen Baltimore suna yin haka in ta kama. Shi dai Lem ya mai da abin ibada, wai haka babansa yake yi da tikitin bas.

Abu na biyu da ya kamata a sani game da Lem shi ne tuƙinsa. Direban bas ne na cikin gari, shekara talatin da ɗaya, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Takardun yabonsa sun cinye bangon falona kaf, har hoton mahaifiyata sai da ya koma ɗakin kwana. Kullum kafin ya fito da bas sai ya zagaye ta, ya shiga ya taka birki sau uku yana saurare, shi ya sa ƙananan direbobi suka sa masa Baba Birki. Wata bakwai suka rage masa ya yi ritaya, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya sauka daga kujerar nan sunansa fes.

Wata ranar Talata motarmu tana wurin bakanike, shi kuma yana da alƙawarin gwajin ido. Da yamma ina zuba masa shinkafa da wake sai na ga yana wani murmushi shi kaɗai.

"Odessa, yau na hau abin nan na yaran zamani."

"Wane abu?"

"Sikuta."

Na ajiye cokali na dube shi. Ƙananan baburan lantarkin nan na haya yake nufi, waɗanda ake hawa a tsaye, da ake zubarwa a gefen titi mutum yana tuntuɓe da su.

"Kai? Da wannan tumbin? Allah ya so ba ka karya musu ba."

"Ke dai hassada ke damunki. Minti goma sha ɗaya daga gareji zuwa wurin likita. Na rabin awa na saya, ya fi sauƙi."

"To sauran fa?" Na tambaya ne kawai, don na riga na san amsar.

"Goma sha tara! Ina sauka sai ga wata baiwar Allah tana gudu, ta makara aiki, jaka tana dukan bayanta. Na ce mata hau, an riga an biya."

Ƙa'idar abin kuwa ita ce in ka sauka ka danna a wayarka cewa ka gama, ka ɗauki hotonsa, ya kulle kansa. Lem bai danna ba. Na yi tsaki na ce ya ci abincinsa kafin ya huce, muka shiga hirar sabon fasto.

Ranar Alhamis da azahar ina soya kifi aka buga ƙofa. 'Yan sanda ne biyu, mace da namiji. Macen ce ta yi magana.

"Mista Lemuel Pettiford? Ranar Talata da misalin ƙarfe biyu saura, ka hau sikuta?"

"Na hau," in ji Lem, yana gyara tabarau.

"Sikutan nan ya buge wata tsohuwa a hanyar masu tafiya a ƙasa, tana fitowa daga gidan burodi. Sunanta Misis Dombrowski, shekararta saba'in da takwas. Ƙugunta ya karye, kanta ya bugu da daɓe, har yanzu ba ta farfaɗo ba. Wanda yake kai ya tashi ya gudu. Kamfanin sikutan ya ce kai ne a kai."

Ina riƙe da cokalin suya mai yana ɗiga a ƙasa, na kasa ko motsi. Lem kuwa cewa yake:

"Ba ni ba ne. Wallahi ba ni ba ne. Na ba wata ne, akwai sauran lokaci."

"Ka ba wata," in ji ta, tana rubutawa. "Sunanta?"

"Ban sani ba."

"Ka buɗe abin hawa da sunanka, ka miƙa wa wadda ba ka sani ba."

"Ai an riga an biya," in ji shi a hankali.

'Yan sandan suka dubi juna. Na ga wannan kallon, kuma na tsane shi. Kifin ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya ci abinci a gidan ran nan.

Washegari aka kira shi daga wurin aiki, aka ce ya zauna a gida har sai an gama bincike, don ba a barin wanda ake zargi da buge mutum ya gudu ya ɗauki fasinja. Ya ajiye wayar, ya je ya tsaya gaban bangon nan nasa ya daɗe. Ni kuma na kama kiraye-kiraye. Masu inshorar mota suka ce abin ƙafa biyu gare shi, ba ruwansu. Masu inshorar gida suka ce abin yana da inji, ba ruwansu. Na kira kamfanin sikutan, na'ura ta yi mini kiɗa na rabin awa, daga baya wani yaro mai daɗin murya ya ce suna jajanta mana matuƙa, in duba yarjejeniya. Na ce wace yarjejeniya? Ya ce wadda mijina ya amince da ita. Na faɗa masa abin da ba zan maimaita a coci ba.

Lauyar da aka haɗa mu da ita, Misis Achterberg, gajeruwar mace ce da ba ta dariya. Ta buga yarjejeniyar a takarda ta dire mana a tebur, kaurinta ya kai littafin waƙoƙin coci.

"Ka karanta wannan, Mista Pettiford?"

"A waya? Ina tsaye cikin rana? Wani ɗan akwati na gani na danna."

"Wannan ɗan akwatin shi ne sa hannunka. Shafi na goma sha huɗu: kai kaɗai ne za ka hau. Na ashirin da biyu: duk abin da ya faru kafin ka danna cewa ka gama, a wuyanka yake. Na talatin: in aka kai kamfani ƙara saboda hawanka, kai za ka tare musu."

"Ni zan tare wa kamfani?" Lem ya dube ni kamar ni ce na rubuta.

Na ce, "Baiwar Allah, mutumin nan alheri ya yi fa. Kyauta ya yi."

"Na gane. Amma kyautar nan ba tasa ba ce da zai bayar." Ta rufe takardun. "Iyalan tsohuwar za su kai ƙara, wannan ba makawa, za mu yi fama da shi daga baya. Abin gaggawa shi ne aikinsa. Muddin ba a ga wadda ta hau ba, shi ne ya buge kuma shi ne ya gudu. Kyamarar gidan burodin ba ta aiki. Ka tabbata ba ka san matar nan ba?"

"Ban san ta ba," in ji Lem, yana murza kunnensa na hagu.

Na san wannan murzar kunnen. Ita ya yi ranar da ya ce bai taɓa kek ɗin bikin 'yarmu ba. Na daure har muka fito, muna shiga mota na juyo.

"Wace ce?"

"Odessa..."

"Kar ka Odessa ni! Wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Fasinjata ce. Kullum tana shiga bas ɗina ta bakwai saura. Lashelle. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ran nan aikin rana ya faɗo mata, 'ya'yanta biyu, ba miji. In aka kama ta da wannan, ba inda zai sake ɗaukarta."

"Kai kuma fa? Akwai inda zai sake ɗaukarka? Shekara talatin da ɗaya, Lem! Ta bar tsohuwa kwance cikin jini ta cika wa rigarta iska, kai kana nan kana rufa mata asiri?"

"Ki bar maganar nan."

"In bari? Sai ka ce ba ka san wadda ka aura ba."

Na yi masa tatas tun daga can har gida, ko uffan bai ce ba. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, ya kuma ba ni mamaki, don Lem mai kirki ne amma ba wawa ba ne.

Ranar Litinin na sa rigata ta zuwa coci na je na hau bas ɗin mijina, wani yaro ne yake tuƙa ta yana taka birki kamar yana jin haushinsa. A tasha ta huɗu ta shigo. Ba sai an nuna mini ba: kayan aiki masu ruwan hoda, hannun dama a naɗe da bandeji, ido yana kan kujerar direba. Na tashi na zauna kusa da ita.

"Lashelle?"

Ta zabura. "Na'am?"

"Ni ce matar Mista Pettiford."

Na zo da jawabi guda a bakina, kwana uku ina shirya shi. Ban samu na faɗi ko kalma ba. Yarinyar nan ta rufe baki da hannunta mai lafiya.

"Ta mutu? Mama, don Allah ki faɗa mini, ta mutu?"

"Ba ta mutu ba. Mijina ne dai kika kashe a tsaye. An ce shi ne ya buge ta."

"Shi? Wayyo Allah, Baba Birki? Ban sani ba, wallahi ban sani ba." Hawaye suka ɓalle mata. "Wata motar kaya ce ta tare hanyar keke, na hau gefe. Ga gangara. Na ga tsohuwar ta fito da ledar burodi, na matse birki, Mama, na matse har yatsuna suka ƙage, abin nan bai kama ba. Ko kaɗan bai kama ba. Na yi ihu, ba ta ji ba. Da na tashi na ga jini, na ga mutane suna tahowa, sai kawai na ga ƙafata tana gudu. Ni da kullum tsofaffi nake ɗagawa ina yi musu wanka, na bar ta a ƙasa. Rabona da barci tun ran nan."

"Ki adana kukan, za ki buƙace shi a gaba. Yau za ki je ki faɗa musu da bakinki, ko in je in faɗa da nawa."

Ta share fuska ta ce za ta je, kuma ta je. Ni na raka ta har bakin ƙofar ofishin 'yan sanda.

Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Lem yana zaune a kicin gaban kofin da ya huce.

"An gama. Ta amsa. Ka goge takalmanka na aiki." Na cire hula ina ta zuba. "Har da wani wai birki ne bai kama ba. Kowa ya yi ɓarna sai ya ce birki."

Na juyo na ga fuskarsa ta yi fari-fari, leɓensa ya bushe.

"Lem?"

"Gaskiya ta faɗa."

"Kai ka san me? Kana wurin?"

"Da ƙafa na tsaya, Odessa." Ya ture kofin gefe. "Tun a mahaɗa ta biyu na ji ya yi laushi. Da na iso wurin likita na matse bai ci ba, sai da na ja takalmi a ƙasa. Na ce in na sauka zan kai rahoto a wayar. Ina sauka na ga an rubuta saura minti goma sha tara, na ɗago kai na gan ta tana gudu. Daɗi ya kama ni. Sai da ta sha kwana na tuna."

Na jawo kujera na zauna. Da wani ne ya faɗa mini wannan magana game da Lem, da na mare shi. Mutumin da yake taka birki sau uku kowace safiya, wanda ya taɓa ƙin fitar da bas saboda ya ji wata ƙara da bakanike uku ba su ji ba. Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa ta inda zan fara. A rayuwata ban taɓa rasa abin cewa ba sai ran nan.

Misis Achterberg ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau ta murza ido.

"Ga yadda abin yake. Lashelle ta amsa ita ce, saboda haka zargin gudu ya sauka daga kanka. Wurin aiki sun ce da zarar an ɗauki bayaninka za ka koma. Kamfani ya ce birkinsa lafiya lau, ba wanda ya kai ƙorafi. Maganar yarinyar ce kaɗai, kuma ba mai yarda da wadda ta gudu. Ba zan ce ka yi ƙarya ba. In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya. Amma ba wanda ya san da abin da zai tambaya."

"In na faɗa fa?"

"Yarinyar za ta samu sauƙi, kamfani zai shigo ciki. Kai kuma ka zama direban da ya san birki ba ya ci, ya miƙa wa wata ya ce hau. Ka san wurin aikinku fiye da ni."

Kwana tara tsakanin ran nan da ranar ɗaukar bayani. Kwana tara ina yi masa magana ɗaya: ka amsa abin da aka tambaye ka, ka rufe bakinka. Wata bakwai ne kawai. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka na gaske da na ƙarya. Ba na jin kunyar faɗa, mijina nake karewa.

Ɗakin ɗaukar bayanin yana da dogon tebur. Ga lauyoyin kamfani biyu, ga mai rubuta bayani, ga ɗan tsohuwar, Casimir, wani ƙaton mutum mai furfura da ya zauna hannuwansa a kan tebur. Mahaifiyarsa ta farfaɗo, amma ba za ta sake tafiya ba, kuma wasu ranakun ba ta gane shi. Lashelle tana can ƙarshe kusa da lauyanta, ta rame sai ido.

Aka rantsar da Lem. Ƙarfe nawa ka hau? A ina ka sauka? Ka danna cewa ka gama? Me ka ce mata? Ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Awa guda cur, ba wanda ya ambaci birki. Lauyan kamfani ya rufe fayil ya ce sun gode. Na saki numfashin da na riƙe tun safe, har na ɗauki jakata.

"Ban gama ba," in ji Lem.

Na take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur da duk ƙarfina. Ko gezau bai yi ba. Ya dubi Casimir ido cikin ido.

"Birkin ba ya ci. Na sani tun kafin in ba ta. Da ƙafa na tsaya, kuma ban faɗa mata ba."

Mai rubutun ta ɗaga yatsunta. Lashelle ta saki baki tana kallonsa.

"Baba," ta ce, "ka sani?"

Casimir ya miƙe a hankali. Na ɗauka duka zai kai, amma tambaya ya yi.

"Me kake yi a rayuwa, malam?"

"Direba ne ni."

"Na me?"

"Bas."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki rigarsa ya fita, bai ko rufe ƙofar ba.

Misis Achterberg ta raka mu har bakin lif. Ta ce wurin aiki za su sami kwafin bayanin kafin ƙarshen mako, kar ya sa rai da komawa kujerar. Haka kuwa aka yi, wasiƙar ta zo ranar Juma'a, layi huɗu ce. Amma ran nan da muka sauko, ba mu yi maganar ba. Muka taka har inda muka ajiye mota, ya buɗe mini ƙofa kamar kullum, ya zagaya ya shiga.

Tikitin yana kan gaban mota. Na awa uku muka saya, an gama da wuri. Wata tsohuwar mota ta shigo ta tsaya kusa da mu, wani mutum ya fito yana lalube a aljihu, yara biyu suna leƙe ta gilashin baya. Na ga hannun Lem ya ɗauki tikitin, ɗaya hannun ya kai ga maɓallin gilashi. Sai ya tsaya. Ya dubi takardar, ya dubi mutumin. Ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya tura a aljihun rigarsa.

Shekara talatin da huɗu ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za mu bar wurin ajiye mota ba tare da wannan tsayuwar ba.

"Lem," na ce, "akwai sauran minti arba'in fa."

"Na gani," ya ce, ya tayar da mota.